Igiyar Hannun Dodo

Tun ranar da na farke rigar dodo da almakashi na zaro ɗana daga cikinta, hannuna bai daina rawa ba. Ni mai ɗinki ce, a gida nake yi, nan Dutse, amma yanzu in zan zura zare a allura sai na kira 'yar maƙwabta ta zura min. Mutane suna ta zuwa jaje, kowa da abin da zai ce. Wasu su ce Allah ne ya tsare, haka ne kuwa. Wasu su ce ai uwa ce, jikinta ne ya ba ta. Wannan na biyun ne ban yarda da shi ba. Ba jikina ne ya ba ni ba, koya min aka yi, a kan masussukar ƙauyenmu, tun ban fi tsayin turmi ba, kuma wadda ta koya min ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa na zauna in faɗi yadda abin yake, don in ban faɗa ba ban san wanda zai faɗa ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Jahun, inda kwalta take ƙarewa mota ta faɗa yashi. Idan kaka ta yi, aka gama yankan gero da dawa, dammuna suka shiga rumbu, to garin ya zama na yara. Ƙarar lugude ce take tashin mu da safe, taɓare suna amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane matar da take daka ba ka gan ta ba: ta gidan liman hannunta nauyi, Gwaggo kuwa sai ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Mu ƙanana a kora mu roron gyaɗa, mu dawo da ƙasa har cikin kunne. A kai wa awaki harawa, a ɗebo ruwa da gugan roba mai yoyo, a tsare shanyar kuɓewa kada kaji su hau. Ba wanda yake ce mana sannu, mu ma ba mu san ana cewa ba. Abin da muka sani shi ne, in aka ci tuwo aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Iya, gajiya ta ƙare.

Iya kakarmu ce, ita ta haifi Baba. Tatsuniyoyinta ba irin na sauran tsofaffi ba ne, ita take ƙera abinta, kuma in ka ce mata jiya ba haka ta faɗa ba, sai ta ce jiya dodon bai gama ba ta labari ba. Wanda muka fi so shi ne Ci-Rumbu, wani dodo da yake kwance a ƙarƙashin fadama, ba ya fitowa sai ya ji an zubar da tuwo a bola. In ya fito kuwa, rumbu guda yake haɗiyewa har da jinka. Ba mai iya masa sai 'Yar Zabuwa, wata yarinya mai fuka-fuki masu ɗigo-ɗigo, wadda take zagaya shi tana rawa har shi ma ya kama, kansa ya juya, ya faɗi ya amayo hatsin mutane. Akwai kuma Sarkin Kwaɗi, wanda ba ya komai sai zama yana yanke hukuncin da ba mai bi. "Tatsuniya ba a yin ta da rana," in ji Iya, "amma ban ji wanda ya hana a sa ta a jiki ba." Don haka in an gama sussuka, aka share masussuka ta yi fes, sai mu sa tatsuniyar a jiki bayan la'asar, gari ya fito kallo.

Iya ba ta da keken ɗinki, basilla gare ta da zaren buhu. Jikin Ci-Rumbu buhunan algarara ne a haɗe, irin masu warin gyaɗa da ƙasa, ta jera musu kaba daga wuya har ƙasa, yadda in ya motsa sai ka ji kamar iska ta shiga gonar dawa. Kansa masaki ne, babbar ƙwaryar nan, ta huda idanu da ƙusa mai zafi, ta yanka baki mai faɗi ta dasa masa haƙoran totuwa, ta yi masa gashi da ɓawon rama. Fuka-fukan 'Yar Zabuwa faya-fayai ne biyu da aka lulluɓe da gashin zabi. Tun damina muke bin gidaje, duk inda aka yanka zabo mu roƙi gashin, mu kawo wa Iya ta zuba a tukunya da toka don kada ƙwari su ci. Sarkin Kwaɗi kuwa ludaya biyu ake kifa masa a ka su zama idanu, a dama garin kuka a shafe masa jiki ya yi kore shar. Yana zaune yana mulki, awaki suna zagayowa suna lasar bayansa.

Abu biyu ne Iya ba ta wasa da su. Na farko, ba a ƙulli a jikin kayan wasa. Duk abin da za a ɗaure, ɗaurin zarge ake yi, wanda ja ɗaya zai warware, kuma bakin zaren a waje yake, inda hannun wani zai kai. Na biyu, igiya. Kafin a kifa wa yaro masaki, sai ta ɗaura masa siririyar igiyar rama a wuyan hannu, ta zaro ta ta gefen buhu, ta damƙa wa wani yaron da ba ya cikin wasan. 'Yan kallo sun ɗauka ado ne, wai an ɗauro dodo kamar yadda gardawa suke ɗauro kura. Ba haka ba ne. Mai igiya yana tafe a gefe, jim kaɗan ya ɗan ja, na ciki ya ja ya amsa masa, wato lafiya. In na ciki ya shiga ja ba ƙaƙƙautawa, ko aka ja bai amsa ba, to wasa ya ƙare, ko da mai gari ne yake kallo. "Wanda yake cikin ƙwarya ba shi da baki," haka take ce mana. "In ya yi kuka, cewa za a yi ya iya wasa. Dole a bar masa hanyar da zai yi magana."

Yayana, wanda nake bi, shi ne Ci-Rumbu, don ya fi kowa tsawo da rashin kunya. 'Yar Baffa, sa'ata, ita ce mai fuka-fuki. Ni kuwa kullum igiya. Ranar da na gaji, na je na tsaya a kan Iya tana jera gashin zabi.

"Iya, gashin nan fa rabinsa ni na roƙo."

"Na sani. Har da na gidan mai goro, da kare ya biyo ki."

"To bana ni ce 'Yar Zabuwa."

"Da waɗannan ƙafafun naki kamar sillen kara? Iska ta ɗauke ki mu tafi neman ki Taura?"

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta jawo ni ta share min hanci da bakin zaninta. "Saurara, uwar rigima. Waccan in ana wasa mutane take kallo, ta ga ko suna kallon ta. Yayanki ba ya ganin komai sai ta huda biyu. Ke kaɗai na lura in ana abu ba kya kallon inda kowa yake kallo. Shi ya sa na ba ki ɗan'uwanki a hannu." Ban ji daɗin maganar ba ko kaɗan. Yara suna kira na mai jan akuya, 'yar Baffa in za ta wuce sai ta kaɗa min fiffike a fuska.

A shekarar da abin ya faru an sami hatsi sosai, har mutanen ƙauyukan kusa suka zo kallo. Kayan sun shekara a rataye cikin rumbu, Iya ta shanya su a rana ta kakkaɓe da sanda kamar yadda ta saba. Aka shirya Yaya, aka kifa masaki, samari suka kama dukan garwa. Ci-Rumbu ya fito yana gurnani, ƙananan yara suka ɓuya bayan iyayensu mata. Na ja, ya amsa. 'Yar Zabuwa ta fara zagaya shi. Na ja, ya amsa. Sai can ya yi wani tsalle da ban taɓa gani ba, ya hau birgima yana dukan ƙirjinsa, kaba tana tashi, yana wani ihu da ƙwaryar ta mayar kamar kukan bijimi. Masussuka ta ɗauki sowa. Mata suna guɗa, wani tsoho yana cewa, "Kai, yaron nan bana ya ƙware!" Ni kuwa igiyar tana fizgar hannuna, fizga bayan fizga, har tana ƙona min tafi. Sai kuma ta saki. Na ja, shiru. Na sake ja, ta biyo ni kamar ba kowa a ƙarshenta.

Ban san lokacin da na ratsa tsakiyar fili ba. Na bangaje 'yar Baffa, fiffike ɗaya ya karye, na faɗa kan dodo na kama bakin zaren wuya na fizge. Ina jin Gwaggo tana cewa, "Ke wace irin fitinanniyar yarinya ce? Ku janye ta, ta ɓata wasa!" Masakin ya gangara. Fuskar Yaya ta fito jiƙe da gumi, leɓensa yana karkarwa, idanunsa sun juye. Kunama ce. Ta maƙale cikin ɗinkin buhu inda sanda ba ta kai ba, ta harbe shi a ƙirji ta ƙara a hammata. Baba ya goya shi a keke sai asibitin Jahun, ya kwana biyu can ya dawo da ƙafarsa. Iya ba ta yabe ni a gaban mutane ba, ba halinta ba ne. Washegari ta kira ni ta shafa min man kaɗanya a tafin da igiya ta goge, ta ce, "Baɗi in kina son fiffiken, naki ne." Na ce a'a. Ta ce, "Na san haka za ki ce, shi ya sa na tambaya."

Yau in ka je ƙauyenmu ba za ka ga masussukar ba. Inji ne yake zuwa a bayan mota ya yi sussukar gari kafin azahar, ya tafi ya bar warin baƙin mai. Buhunan algarara sun ɓace, sai na leda masu santsi waɗanda ba sa shan iska. Iya ta rasu ina makarantar kwana, da na dawo hutu na tarar kaza tana ƙwai a cikin kan Ci-Rumbu. Yaran yanzu ma suna da dodanninsu, ba zan ce ba su da su ba. A waya suke ganin su, masu launi, masu tashi sama, kuma sun san sunan kowanne. Ban ce nasu bai kai namu ba. Ɗana in yana ba ni labarin nasa, idonsa yana yin irin hasken da namu yake yi a kan tabarmar Iya. Abin da ya canza shi ne, da mu muke ƙera dodonmu da hannunmu, mun san kowane ɗinki da kowace huda, mun san akwai mutum a ciki don mu muka sa shi. Yanzu dodo a leda yake zuwa daga Kano, a ninke, da kyau kamar a lasa, har mutum ya manta ɗan wani ne zai shiga.

Ɗan nawa shi ne na fari, don haka ba na kiran sunansa, ga shi kuma sunan mahaifin mijina ya ci, kunya ta zama biyu. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". A gaban mutane ba na jan sa a jiki, ba na yabon sa, haka na ga iyayena sun yi. Yana aji ɗaya a wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Da za su yi bikin ƙarshen zango, tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun garin nan suke mayar da zafin rana kamar an buɗe tanda, malamarsu ta shirya musu wasan tatsuniya: wani dodo mai aman wuta, da yarinya mai sandar tauraro da za ta kayar da shi. Aka zaɓe shi dodo. Kawunsa ya gado, tsawo da rashin kunya.

Ana gobe biki aka ba shi kayan ya gwada a gida. Kore shar, mai ƙyalli, ciki duk soso, kai da jiki a haɗe, zif ɗaya a baya tun daga ƙugu har ƙeya, da doguwar wutsiya. Na juya shi bai-bai da idon mai ɗinki, na yaba aikin, ban ga zare ko ɗaya a sake ba. Abin da ban gani ba shi ne inda hannun yaro zai kai ya buɗe kansa. Ina taya shi sawa sai na ba shi labarin Ci-Rumbu da igiya da kunamar kawunsa. Ya yi ta dariya.

"Umma, ni wa zai riƙe min igiya?"

"Naku na zamani ne, ba shi da igiya."

"To in na gaji wutsiyata zan ja. Ki dinga kallo."

"Na ji. Cire ka ci abinci, sarkin surutu."

Da safe da na kai shi, na tambayi malamar ko zai sha iska a ciki. Yarinya ce mai kirki, kusan sa'ata. Ta nuna min wata raga a bakin dodon, ta ce, "Kada ki damu, Umman dodo, yana fitowa zai faɗi a cire masa." Da an bi tsari, da haka ɗin za a yi.

Amma biki a garin nan ba ya bin tsari. An sa wa yara kaya tun hantsi don kada babban baƙo ya zo a tsaya jira, shi kuwa bai zo ba sai da rana ta take. Aka yi jawabi, aka yi wani jawabin a kan jawabin, aka raba kyaututtuka. Muna ƙarƙashin rumfa muna fifita da kwali, janareto yana ruri, lasifika tana ƙara har cikin haƙori. Ina zaune kusa da Hajiya, uwar mijina, da ƙanwarsa. Da aka ce ga dodo nan, wuri ya kaure da tafi, wayoyi suka tashi sama. Hajiya ta zungure ni ta ce, "Ga maigidana nan ya fito, ke ba za ki duba ba?" Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Amma ta ƙasan mayafi ina kallo, kuma ba fuskar dodon nake kallo ba, ƙafafunsa nake kallo. Ba sa sauka inda ya aike su.

Ya yi taku ya yi tangaɗi, mutane suka yi dariya. Yarinya mai sandar tauraro ba ta ma ƙaraso ba ya durƙusa. Aka ƙara dariya, mai magana a lasifika yana cewa, "Jama'a, dodo ya ji tsoro tun kafin a taɓa shi!" Sai na ga hannun nan mai faratan yadi ya lallaba baya ya kamo wutsiya. Ya ja. Ya sake ja. Ya shiga ja ba ƙaƙƙautawa, kan dodon yana juyowa wajen rumfarmu, bakin nan a wangame yana murmushin da aka ɗinka masa. Ƙanwar mijina har da hawaye don dariya, tana cewa, "Wayyo cikina, dodo yana faɗa da wutsiyarsa!" Sai hannun ya saki.

Tafin hannuna ne ya fara ƙuna, wallahi, daidai inda igiya ta taɓa goge ni. Na tsallake kujeru, takalmi ɗaya ya fita, mayafi ya maƙale a ƙarfen rumfa na bar shi a nan. Kuma na kira sunansa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa, na ƙwala shi a gaban Hajiya da babban baƙo da duk wanda ya zo, har na fi lasifika. Mai gadi ya tare ni yana cewa, "Baiwar Allah, ba a hawa, wasa ake yi," na ture shi. Na kifa yaron na kama zif, ashe ya ci soso ya cije, ko motsi. Na ja da haƙori, ya ƙi. Jakata tana rataye a kafaɗata, Allah ya sa ɗan almakashin da nake yanke zare da shi yana ciki. Na ɗaga yadin ƙeya na soka, na farke rigar har ƙasa. Zafin da ya bugo ni daga ciki kamar an buɗe tukunyar tuwo. Idanunsa a lumshe, leɓensa ya bushe ya yi fari, kansa yana lilo. Malamar ta iso a guje da ruwan leda cike da hannu, tana fasawa da baki tana zuba masa, tana kuka tana salati. Wurin nan da ya cika da dariya ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareto.

A adaidaita sahu muka kai shi asibiti, yana kan cinyata, Hajiya tana yi masa fifita da mayafinta tana tofa addu'a. Suka ce zafi ne ya buge shi, suka sa masa ƙarin ruwa. Wajen la'asar ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, "Umma, na ja. Kin gani?"

"Na gani."

"Na ja da yawa fa."

"Na gani, na ce maka."

Hajiya ta goge ido da bayan hannu ta ce, "To, alhamdu lillahi. Mu dai yau mun ji sunan Alhaji a bakin da ba mu taɓa ji ba. Ashe kin iya shi?" Na rufe fuska da tafi. Ta janye hannun nawa ta ce, "Buɗe, 'yar nan. Da kin tsaya jin kunyata, da ni ce ba zan yafe miki ba."

Babansa ya ce an gama, ba wasa, ba dodo, ko hular kwali kada ya sake gani a kan yaron. Ban yi masa musu ba a ranar, don ni ma in na rufe ido hannun nan nake gani yana laluben wutsiya. Amma yaron ya shiga wani shiru da ban san shi da shi ba. In yara sun zo ƙofar gida suna kiran sa dodo, sai ya shige bayan ƙyaure. Rannan na ji yana gaya wa ƙanwarsa, 'yar autata, wai shi ya ɓata wasa, shi ya sa aka yanka rigar. Wannan maganar ta fi zif ɗin nan tsaya min a rai. Na san abin da Iya ta yi bayan kunama: ba ta ƙone buhun ba, ta farke ɗinkin ta sake, kuma da shekara ta zagayo Yaya ne ya koma ciki, don ta ce in ba a mayar da shi ba zai girma yana tsoron duk abin da zai rufe masa kai. Na sami babansa yana shan shayi na ce, "Abban yara, ba dodon ne ya kusa kashe shi ba, rashin mai riƙe shi ne."

"Ke da ko kofi ba kya iya riƙewa yanzu, me za ki riƙe?"

"Ba da ƙarfi ake riƙe ta ba. Ji ake yi."

Ya ajiye kofin shayin ya ce, "A tsakar gida. Ina zaune. Kuma ba cikin rana ba."

Na aika wa Yaya, wanda yanzu magidanci ne da gemu, yana noman riɗi a ƙauye. Ya zo da kansa, da masaki a ɗaure bayan babur, da kaba, da buhun algarara da ya samo da ƙyar wurin wani tsoho. Ya zauna a tsakar gidana ya naɗe wando yana murza rama a ƙwaurinsa, yana ce wa yaron, "Ni kunama ce ta kayar da ni, mai dafi, mai ƙari. Kai kuwa soso. Haba, ɗan Dutse!" Yaron ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Malamar ma ta zo, dama tun ranar ba ta fasa zuwa duba shi ba. Ta zauna ta riƙe min buhu ina ɗinki da basilla, wadda kafarta take da faɗi, ko mai rawar hannu zai zura mata zare. Ta sa na nuna mata ɗaurin zarge har ta iya, ta ce daga yanzu duk yaron da za a rufe wa fuska sai da mai igiya, in ba haka ba, ba da ita ba.

Jiya bayan la'asar, da inuwar katanga ta rufe tsakar gida, na juya buhun bai-bai na bi kowane ɗinki da yatsa. Na ɗaura masa igiya a wuyan hannu. Kafin in kifa masakin ya ce, "Umma, in na ja za ki ji?" Na ce, "Gwada ni." Yaran unguwa sun cika zaure, babansa yana kan kujera ya kasa zama daidai, Hajiya ta zo da tabarmarta, ƙanwar yaron da faya-fayai biyu a baya tana ta zagaye tun ba a fara ba. Yaya ya kifa bokiti ya kama kiɗa. Ci-Rumbu ya miƙe, kaba ta yi wannan ƙarar ta iska a gonar dawa, wadda na ɗauka ba zan ƙara ji ba. Ya yi gurnani, yara suka watse da ihu suka dawo. Hannuna yana rawa, igiyar ma tana rawa, har na ji tsoron kada ya ɗauka ja nake yi. Na dafe wuyan hannuna da ɗayan, na tsayar da shi. Sannan na ɗan ja.

Daga can cikin buhu, ɗana ya ja ya amsa.